Filin Likitanku: zuciya ta dawo, amma jikinsa bai daina fizga ba

Jama'a barkanmu da wannan watan. Tun da muka yi maganar hawan jini da ciwon zuciya saƙonni suke shigowa, sai na ware guda huɗu da duk abu ɗaya suke kewayawa, wato halin da ƙwaƙwalwa ke shiga idan zuciya ta tsaya sannan aka samu aka tada ta. Mai tambaya ta farko na amsa mata ta waya tun ranar da ta turo saboda abin ba na jira ba ne, amma ta yarda in faɗaɗa shi a nan don wasu su ƙaru.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, don Allah a sakaya sunana. Maigidana ne, shekararsa 52, ranar Talata da asuba ya ce ƙirjinsa na masa nauyi muka tafi asibiti, ko kati ba mu gama buɗewa ba sai ya yanke jiki ya faɗi. Suka yi ta danna masa ƙirji suna ɗana masa wannan abin na shokin, cikin ikon Allah zuciyar ta dawo, sun ce kusan minti 20 suka yi a kansa. Yanzu yana ɗakin kulawa ta musamman da injin numfashi, bai farko ba. Abin da ke ɗaga min hankali tun daren farko jikinsa ke fizga, fuska da kafaɗu, idonsa ya buɗe ya rufe. Surukata ta ce farfaɗiya ce ko kuma iska, yayansa ya ce likitocin ne ba su san aikinsu ba, a ƙara magani ko mu canja asibiti. Wani likita ya ce mana fizgar ba alama ce mai kyau ba, wani kuma ya ce mu jira. Ni wallahi na rasa wanda zan saurara. Daga wata baiwar Allah a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma Allah ya ba ki juriya. Na san wannan fizgar da kike faɗi, na sha tsayawa a kanta da dare. Mutum na kwance shiru ba abin da kike ji sai injin yana hura masa iska, nas ta zo ta taɓa shi ko ta zuƙe masa majina, sai ki ga fatar ido ta ɗage farat ɗaya, haɓa ta motsa, kafaɗa ta zabura kamar an tsikare shi. 'Yan uwa in suka ga idon ya buɗe sai su hau kiran sunansa suna murna wai ya ji su, kuma gaskiya ba abin da ya fi min wuya a aikin nan kamar in ce musu ba farkawa ba ce.

Bari mu faro daga tushe. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbu, ba ta ajiya. Zuciya na tsayawa, cikin daƙiƙa 10 ko ƙasa da haka mutum ya sume, kafin rabin minti ma lantarkin ƙwaƙwalwar ya yi tsit, bayan 'yan mintoci ƙwayoyinta su fara lalacewa. Danna ƙirji yana tura jini kaɗan ne da zai riƙe ta, ba ya kai na zuciya mai aiki. Sannan abin da mutane ba su sani ba, ɓarnar ba ta ƙarewa a lokacin da zuciya ta dawo. Dawowar jinin kansa yana tada wata sabuwar rigima, wani sinadari da ake kira gulutamet ya malale, kalsiyam ya cika cikin ƙwayoyin, kumburi ya biyo baya, a yi awanni har kwanaki ana wannan. A cikin wannan hargitsin ne ƙwayoyin da suka ji rauni ke ta harba lantarki ba tsari, shi ne kike gani a matsayin fizga. To kin ga ba iska ba ce, kuma ba farfaɗiyar da aka sani ba ce wadda mutum ke tasowa da ita ya faɗi ya tashi. Ki gaya wa Hajiya a hankali, addu'a kam a yi ta yi, ba wanda zai hana, amma kar a ɗura masa komai a baki, kar a yi hayaƙi kusa da shi.

Ba kuma shi kaɗai ba ne. Cikin waɗanda ke doguwar suma bayan tsayawar zuciya, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ana ganin jijjiga ko fizga a tare da su, wasu ma ba a gani a jiki sam sai an yi awon lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda a asibiti muke ce wa i-i-ji, a shafa wani abu mai danƙo a fatar kai a manna wayoyi sama da 20 a zauna ana kallon zane a kwamfuta.

Yanzu maganar yayansa, cewa a ƙara magani har fizgar ta tsaya. Kar ki ga laifinsa, likitocin duniya ma shekaru suka yi suna wannan gardamar. Ki ɗauka taransfomar unguwa ce ta samu matsala, ƙwan ɗakinki yana ta ƙyaftawa. Wasu suka ce ƙyaftawar nan ita ke ƙona kayan wuta, a kashe ta ko ta halin ƙaƙa. Wasu suka ce a'a, in kin kashe ƙwan kin daina ganin ƙyaftawa ne kawai, taransfomar tana nan yadda take. Wasu likitoci a Holan da Beljiyam, a ƙarƙashin wata ƙwararriyar likitar ƙwaƙwalwa Jeannette Hofmeijer, suka ce bari a gwada a gani. Binciken sunansa TELSTAR, asibitoci 11 suka haɗu, kuma sai da suka shafe shekaru tun daga 2014 har 2021 kafin su tara majinyata 172, duka suna cikin doguwar suma kuma awon ya nuna irin wannan harbin lantarki mai maimaituwa. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, 88 aka yi musu ruwan magani mataki-mataki, na farfaɗiya da na barci mai nauyi, da niyyar a danne harbin tsaf na awa 48 a jere, sauran 84 kuma aka ba su kulawar da aka saba. Sakamakon ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a watan Fabrairun 2022. Bayan wata uku, 79 cikin 88 na waɗanda aka yi wa ruwan magani sun rasu ko sun nakasa sosai, kashi 90 ke nan, a ɗaya ɓangaren kuma 77 cikin 84, kashi 92. Waɗanda suka rasu kashi 80 ne a nan, 82 a can. Kusan duk ɗaya. Abin da ya ƙaru kawai, waɗanda aka cika wa magani sun ɗan fi daɗewa a kan injin da cikin ɗakin kulawar.

Ranar da na karanta wannan sakamako jikina ya yi sanyi, don ni ma ina cikin masu fatan a ce danne shi yana ceto. Amma fa kar a fahimce shi a karkace, domin na ji wasu har cikin abokan aiki suna cewa ai an gano magani ba shi da amfani, ba haka ba ne. Kusan huɗu cikin biyar na majinyatan wancan binciken irin harbin da suke da shi ba cikakkiyar farfaɗiya ba ce, wani bugu ne mai maimaita kansa a kan ƙwaƙwalwar da ta riga ta jikkata ƙwarai. Masu farfaɗiya ta haƙiƙa a awon 'yan kaɗan ne a ciki, yawansu bai isa a yanke hukunci a kansu ba. Shi ya sa har yau in awo ya nuna farfaɗiya sosai ana maganinta, kuma ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Turai suka fitar a 2021 ta ce a fara da lebetirasetam, wanda kuka fi sani da Keppra, ko balfuro'et wato Epilim, haɗe da maganin barci irin su furofofol. Fenitoyin da muka saba da shi an ja baya da shi a nan saboda yana iya saukar da jini ya kuma dagula bugun zuciyar da dama da ƙyar aka samo ta. Kuma ba a ba wanda ba ya jijjiga magani wai don rigakafi. Ko fizgar da ba a sa ran maganinta zai canja makoma ana rage ta, don kar ta riƙa faɗa da injin numfashi, don kuma ku da kuke kallo.

Sai likitocin nan biyu da suka raba miki hankali. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. Fizgar da ta fara da wuri, ta game jiki, ta ɗauki sama da minti 30 ba ƙaƙƙautawa, alama ce mai nauyi, ba zan ɓoye miki ba. A da ma in an gan ta a ranar farko shi ke nan an cire rai. To amma da aka tattara bayanan majinyata sama da 2,500 a Amurka da Turai aka buga a 2015, sai aka ga cikin masu fizgar kusan kashi 9 cikin 100 sun tashi da hankalinsu. Kaɗan ne, amma mutane ne masu iyali. A 2016 kuma Jonathan Elmer da abokan aikinsa a jami'ar Fitsbag suka nuna cewa fizgar da ido ke gani iri ɗaya, a awo kala biyu ce. Akwai wadda zanen ke kwanciya shiru sai ya yi tsalle ya sake kwanciya, wannan ba su ga wanda ya tashi lafiya da ita ba. Akwai kuma wadda lantarkin ƙwaƙwalwar ke gudana ba yankewa sai 'yan tsiraran tsinin da ke fitowa ta tsakiyar kai, su waɗannan rabinsu sun rayu. Ido ba zai bambance miki su ba, ko idon farfesa ne.

Saboda haka ne ƙa'idar ta ce ba a yanke hukunci kafin awa 72, wato kwana uku cur, kuma sai an tabbatar maganin barci ya fita daga jiki, wanda in ƙoda ko hanta ta taɓu yana iya ɗaukar fiye da haka. Sannan ba a dogara da alama ɗaya, sai aƙalla biyu sun haɗu: ƙwayar ido ba ta motsi in an haska tocila kuma ba ya ƙiftawa in an taɓa idon, ko awon lantarki ya nuna mummunan zane bayan awa 24, ko an ɗana lantarki a jijiyar hannu saƙon bai isa ƙwaƙwalwa ba ta ɓangaren dama da hagu, ko wani sinadari da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke zubarwa a jini in sun mutu ya haura sosai, ko hoton kai ya nuna ɓarna ta game ko'ina, ko ita wannan fizgar mai tsanani. In ba su haɗu ba, sai a ci gaba da kulawa a sake dubawa. Abin da ya sa aka tsaurara haka, a Turai da Amurka yawancin masu rasuwa a wannan hali suna rasuwa ne bayan an janye injin saboda an yi hasashen ba za su tashi ba. Kin ga in mutum ya kalli shuka ya ce wannan ba za ta yi ba, ya daina ba ta ruwa, ta bushe, sai ya ce ai dama na faɗa, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Mu a nan ba janye injin ne ya fi damunmu ba, kuɗin gado ne ke ƙarewa, sai ka ji dangi sun ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a, kuma sau da yawa a kwana na biyu ake wannan shawarar, lokacin da ko likitan bai isa ya san inda aka dosa ba.

Don haka ga abin da nake so ki yi. Ki nemi babban likitan da ke kula da shi, ki tafi da yayan nasa don ya ji da kunnensa, ku tambaya ko an yi awon lantarkin ƙwaƙwalwa, in babu a asibitin ko za a iya kawo mai yi daga waje, ku tambaya yaushe aka tsayar da maganin barci, ƙwayar idonsa tana amsa haske ko a'a, yana jan numfashi da kansa ko injin ne kaɗai, sukarinsa da zafin jikinsa fa. Canja asibiti kuwa a wannan halin, ɗaukar mutum da ke kan injin a saka a mota ba ƙaramin haɗari ba ne, sai dai in can ɗin akwai wani abu takamaimai da nan babu kuma likitocin biyu sun yi magana da juna. Kuma doguwar suma daban, mutuwar ƙwaƙwalwa daban, ita ta biyun tana da nata gwajin, har majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a kanta a birnin Amman a 1986. Kar kowa ya haɗa miki su.

TAMBAYA: Salam Dakta. Ni ɗalibin aikin jinya ne, a littafinmu an ce wanda zuciyarsa ta tsaya aka tada ta ana sanyaya jikinsa zuwa digiri 33 don a kare ƙwaƙwalwa, amma wani malaminmu ya ce an daina. Wanne ne daidai, kuma mu da ba mu da injin sanyayawa za mu iya jera masa ƙanƙara? Daga Damagaram.

AMSA: Ƙanena littafinka bai yi ƙarya ba, tsufa ya yi. A 2002 aka buga bincike biyu rana ɗaya, ɗaya daga Turai mai majinyata 275, ɗaya daga Melbon ta Ostireliya mai 77 wanda Stephen Bernard ya jagoranta. A na Turan, waɗanda aka sanyaya zuwa digiri 32 zuwa 34 na awa 24 kashi 55 sun tashi da ƙwaƙwalwa mai kyau, waɗanda ba a sanyaya ba kashi 39. A na Melbon 49 da 26. Duniya ta ɗauka gaba ɗaya, aka yi ta sayen barguna masu zagaya ruwan sanyi. Sai dai an lura cewa da yawa cikin waɗanda ba a sanyaya ba zazzaɓi aka bari ya kama su, to sanyin ne ya yi amfani ko zazzaɓin ne ya yi ɓarna?

Niklas Nielsen na Suwidin da tawagarsa suka bi wannan tambayar. A 2013 suka gwada digiri 33 da 36 a kan mutum 939, ba bambanci. A 2021 suka dawo da wanda ya fi girma, TTM2, mutum 1,900, rabi aka kai su 33, rabi kuma aka bar su yadda suke ana gadin zazzaɓi kawai, da ya kai 37.8 a sauko da shi. Bayan wata shida kashi 50 sun rasu a ɓangaren sanyi, 48 a ɗaya ɓangaren, kuma rikicewar bugun zuciya ta fi yawa a masu sanyin, 24 da 17. Akwai dai wani binciken Faransa na 2019 a kan waɗanda zuciyarsu ta tsaya irin tsayawar da shokin ba ya mata aiki, shi ya ga ɗan amfani, kusan kashi 10 da kashi 6, shi ya sa wasu asibitocin ba su saki sanyayawar gaba ɗaya ba kuma har yanzu ana kan bincike. Amma abin da ƙungiyoyin likitocin Turai suka haɗu a kai a 2022 shi ne a hana zafin jiki wuce 37.7 na aƙalla awa 72.

Ni wannan labari daɗi ya min, don abu ne da hannunka zai iya. Ƙanƙara kam kar ka jera, jiki zai hau karkarwa, karkarwa kuma tana ƙona oksijin tana ƙara zafi, masu sanyayawa da injin ma sai sun haɗa da maganin barci da na hana karkarwa. Kai dai ka riƙe ma'aunin zafi, ka auna a kai a kai ka rubuta, ka yaye bargon da 'yan uwa ke lulluɓa masa, fanka, tsumma mai ruwa ba mai sanyi ƙarara ba, farasitamol in likita ya rubuta, kuma a watan Afrilu a garinku ka san ɗakin kansa ma zazzaɓi ne. In zafin ya tashi a nemi dalili, a duba maleriya, a duba huhu don masu injin numfashi suna yawan kamuwa da nimoniya. Haka aka gwada ɗaga awon jini sama da ƙara oksijin a Denmak a 2022, aka gwada barin iskar da muke fitarwa ta ɗan taru a jini a 2023, duk ba wanda ya zama maganin da ake nema. Kulawar yau da kullum ɗin nan da ake rainawa, ita ce dai a hannu.

TAMBAYA: Likita ni ɗan ƙwallo ne a unguwa. Me ya sa Eriksen ya faɗi a fili ya dawo yana buga wasa, amma wani yaron Ajax ya faɗi shi har yau bai dawo daidai ba? Daga wani matashi a Jos.

AMSA: Ɗana ka yi tambayar da ta fi duk sauran amfani, don duk abin da na faɗa a sama gyaran ɓarna ne bayan ta auku, kai kuma kana tambayar yadda ake hana ta. Christian Eriksen ya faɗi ranar 12 ga Yunin 2021 a Kofanhegan ana wasan Denmak da Finlan, nan take aka gane zuciya ce, aka hau danna ƙirji, aka ba shi shokin sau ɗaya ta dawo, kafin a fitar da shi daga filin ma ya farko. Aka dasa masa 'yar na'ura a ƙirji, a Fabrairun 2022 ya koma wasa a Brentford. Abdelhak Nouri kuwa, wato yaron Ajax ɗin da kake faɗi, yana ɗan shekara 20 ya faɗi ranar 8 ga Yulin 2017 a wasan sada zumunci da Werder Bremen a Ostiriya, an tada zuciyar amma ƙwaƙwalwa ta riga ta samu mummunan rauni na dindindin, kuma a 2018 kulob ɗin da kansa ya fito ya amsa cewa taimakon da aka ba shi a fili bai wadatar ba. Ka kuma tuna Fabrice Muamba na Bolton, haifaffen Kinshasa, a Maris ɗin 2012 a filin Tottenham, minti 78 zuciyarsa ba ta bugawa da kanta, amma ba a daina danna ƙirjin ba tun daga fili har asibiti, ya tashi da hankalinsa yana gane iyalinsa. Ka ga ba tsawon lokacin kaɗai ake dubawa ba, mintocin da aka bar mutum ba a tura masa jini ko kaɗan su ne ke cinye ƙwaƙwalwa.

Mu ma mun ga namu, Samuel Okwaraji a filin Surulere a 1989, Marc-Vivien Foé na Kamaru a 2003, Chineme Martins na Nasarawa United a Lafiya a 2020.

Abin da ke yaudarar mutane, kuma ina roƙonka ka gaya wa duk 'yan tim ɗinku, shi ne wanda zuciyarsa ta tsaya sau da yawa yana ɗan fizge-fizge na 'yan daƙiƙu, idonsa a buɗe, yana wani jan numfashi jefi-jefi kamar minshari ko kakarin rago bayan yanka. Sai a ce farfaɗiya ce a ja baya kar a taɓa yawunsa, ko a ce ai yana numfashi, a kawo ruwa a yayyafa, a cusa cokali a baki, a nemo albasa, a yi ta fifita da riga, minti biyar ta wuce. Wannan jan numfashin ba numfashi ba ne. Duk wanda ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ka kira shi ka girgiza shi bai amsa ba, numfashinsa ba irin na kullum ba, ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirji ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu ka danna da nauyin jikinka, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota ko ya kira asibiti, in ka gaji wani ya karɓa ba tare da an tsaya ba, a cikin motar ma a ci gaba. Ko haƙarƙari ya karye kar ka tsaya, yana warkewa. Wannan kaɗai yana ninka damar rayuwa sau biyu har uku. Kuma ku matsa wa masu shirya gasa su nemo na'urar shokin nan mai magana, ita ke duba bugun ta gaya maka ka danna maɓallin shokin ko kar ka danna shi, ba sai likita ba.

TAMBAYA: Likita mahaifinmu zuciyarsa ta tsaya lokacin tiyata bara, ya yi kwana shida a sume, Alhamdulillah ya tashi yana gane kowa. Amma in ya kai hannu zai ɗauki kofi sai hannun ya fizge shayin ya zube, in ya tashi tsaye ƙafa ta zabura, ga mantuwa da saurin fushi. Yana zaune shiru kuwa lafiya lau. Daga 'yarsa a Kumasi.

AMSA: 'Yata ku gode wa Allah, Baba yana cikin waɗanda suka tsallake. Yadda kika kwatanta ya yi kama da abin da likitoci biyu, James Lance da Raymond Adams, suka fara bayyanawa a 1963 a kan majinyata huɗu, har ciwon ya ɗauki sunansu. Fizga ce da ke zuwa wa wanda ya farko, kuma niyyar motsi ce ke tada ta, ko ƙara ta ba-zata, ko damuwa, shi ya sa in yana zaune ba kya ganin komai, in baƙi suka zo ana kallonsa kuma ta ƙaru. Ba irin ta mai doguwar suma ba ce, kuma ba ta nufin ƙwaƙwalwar na ci gaba da lalacewa. Ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar, akwai magunguna da ke rage ta sosai, Keppra, Epilim, kulonazefam, wani lokacin sai an haɗa biyu kuma sai an yi haƙuri ana daidaita awon, kar ku saya da kanku kuma kar a tsayar da su farat ɗaya. Gashin ƙashi ma yana taimakawa ƙwarai wajen tafiya.

Mantuwar kuma, sashen ƙwaƙwalwa da ke ɗaure sabon abu yana cikin waɗanda rashin iska ke fara taɓawa, shi ya sa zai ba ki labarin aurensa tiryan-tiryan amma ya manta ya karya kumallo. Kusan rabin waɗanda suka tashi suna fama da wani abu irin wannan, ga gajiya, ga ɓacin rai, ba wulaƙanci yake muku ba. Ku daina ce masa “Baba ai yanzu na gaya maka”, ku sake faɗa kawai. Ku samo masa kofi mai murfi da hannu biyu a riƙa zuba rabi, shayin ya ɗan huce tukuna, wanka a zaune a kan kujera, a ɗauke tabarmar da ke zamewa a hanyar banɗaki, sallah in tsayuwa na kawo fizgar ya yi a zaune, tuƙi kuma a dakata sai likitansa ya gan shi. Maganinsa ki rubuta a takarda da manyan baƙi ki manna kusa da inda yake ajiye carbinsa, duk wanda ya ba shi ya sa alama.